Tsatsar da ta hana Hajiya shiga ruwa

Shekarun baya, ban fi shekara biyu da ajiye aiki na dawo gida Kalgo ba, matata ta tashi wata safiya hannunta da ƙafarta na hagu suka ƙi motsi. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita. Allah ya taƙaita, bakinta bai karkace ba, maganarta ba ta tafi ba, kuma duk wanda ya san ta ya san da maganar ce ta tafi da gidan ya zama kufai. Hannun ya dawo cikin 'yan makonni. Ƙafar ce ta yi gardama.

Ba ta cika kukan ciwo ba. Abin da ke cin ta shi ne sallah a zaune. Na sha gaya mata addini ya ba ta sauƙi, ladanta cikakke ne. Sai ta ce, "Malam, na sani. Amma tun ina 'yar shekara bakwai nake tsayuwa gaban Ubangijina. Yanzu sai a jawo mini kujera kamar baƙuwa."

Likitar da ke motsa mata gaɓoɓi a Birnin Kebbi, wata 'yar kudancin jihar nan mai haƙurin gaske, ita ta kawo maganar ruwa. Ta ce idan mutum ya shiga ruwa zuwa ƙirji, ruwan ke ɗauke masa nauyin jikinsa, ƙafar da ta kasa ɗaukarsa a ƙasa sai ta samu damar koyon tafiya daga farko. Ta ƙara da cewa, "Baba, watannin farkon nan su ne masu muhimmanci. In ƙafar ta saba da zama, ta saba ke nan." Da ta ambaci wurin iyo na wani otal, Hajiya ta kalle ta sama da ƙasa ta ce, "Ni? Gaban mazan mutane? 'Yata, bar ni a kujerata."

A hanyar komawa gida na yanke shawarar in gina mata nata.

A nan ya kamata in gaya muku ko ni wane ne, don ku ji daɗin yi mini dariya daga baya. Na yi shekara talatin da wani abu ina tafinta tsakanin masu sayen ƙaro da fata da masu sayarwa. Na zauna Khartum, na zauna Yamai, na yi Jidda da Kwatano da Kasablanka. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, ga Fulatanci da Zabarmanci na cikin gida. Na ga wuraren iyo iri-iri, har wanda ke kan rufin bene. Don haka a ganina wani ɗan kwami a bayan gida ba abin da zai ɗaga mini hankali ba ne.

Muka haƙa shi a bayan ɗakinta, inda katanga ta kewaye. Tsawonsa taku goma sha biyu, zurfinsa iya ƙirjinta, da matakala uku masu faɗi da ƙarfen riƙewa a gefe. Na sa aka shimfiɗa farin tayil. Maƙwabta suka yi ta tambaya ko tarwaɗa zan zuba ko karfasa, na bar su a kan kiwon kifi don ya fi sauƙin bayani. Muka cika shi daga rijiyar burtsatsen gidan, ruwa garai-garai kamar hawaye.

Ƙanwarta ta zo daga Gwandu don ta zauna da ita. Tsakanina da wannan ƙanwa wasa ne tun ranar da aka ɗaura aurena da yayarta, kuma tsufa bai rage komai ba. Ba ta kirana sai "Bature". Da ta ga kwamin sai ta riƙe haɓa ta ce, "Bature, wagga randa taka ta yi girma. Ina marfinta?"

Ita ce dai ta lallaɓa Hajiya ta shiga. Hajiya ta ware wani farin zane da riga don wannan aiki kawai, domin mace ce mai tsananin tsafta, irin wadda ke wanke sabuwar tukunya sau uku kafin ta ɗora. Ranar farko ta tsaya a matakala ta biyu tana salati. Rana ta uku ta riƙe ƙarfe ta ja ƙafa. Kafin mako huɗu tana zuwa ƙarshen kwamin ta dawo, ƙanwarta na biye da ita a cikin ruwan tana cewa, "Yaya, a hankali, ba kasuwar Maruda za mu ba." Daga tsakar gida nake jiyo dariyarsu, abin da na daɗe ban ji ba.

Tun lokacin akwai wani ɗan rawaya-rawaya da ke kwanciya a bakin matakala. Na ɗauka ƙura ce. Da zafi ya shigo sai gansakuka ta fara fitowa a kusurwoyi. Nan ilimina ya motsa. Na aika aka sayo mini bokitin kulorin, maganin da ake zuba wa ruwa ya kashe ƙwayoyin cuta. Bayaninsa da Faransanci yake, na tsaya a bakin kwami na karanta shi da ƙarfi ina fassarawa, don dai ƙanwar Hajiya ta san da wa take wasa. Sannan na zuba, na ƙara ɗan kaɗan a kai, saboda a ganina tsafta ba ta yin yawa.

Washegari da safe ruwan ya koma kalar shayi.

Ban firgita ba. Na ce maganin ne ke aiki, dauɗa ce ke fitowa, na ƙara zubawa. Bayan kwana biyu ruwan ya ɗan washe, amma abin da ke cikinsa ya sauka ya kama tayil. Ja-ja, ƙasa-ƙasa, wani wuri zane-zane kamar an ja jiƙaƙƙen ƙarfe a kai, matakala kuwa kamar an tofa mata goro shekara guda. Na canza ruwa, tabon yana nan. Hajiya ta daure ta shiga sau ɗaya. Da ta fito, farin zanenta ya yi dabbare-dabbare. Ta ɗaga shi ta duba a rana, ta ninke, ta ce a kai ta ɗaki.

Daga ranar ta ce ba ta ƙara shiga.

Na je mata da hujja. Na ce malamai sun yi bayani, ruwan da ya sauya kala saboda ƙasar da yake kwance a ciki bai zama najasa ba, ko alwala an yi da shi ta yi. Na kawo mata misali da kogin da ke ratsa Khartum, wanda da damina ke komawa ja wur, mutane kuma na wanka a ciki. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Malam, ka wanke ruwan a littafi. Saura ka wanke tayil ɗin. Ni ban san mene ne wannan abu ba, kuma jikin da nake sallah da shi ba zan tsoma shi cikin ƙazantar da ban san sunanta ba."

To, na shiga wanki. Na sa sabulun gari, na sa buroshi, na sa ruwan bilic, na sa toka da soson ƙarfe har na kankare ƙyallin tayil biyu. Tabon ko gezau. Duk sanda na sake cika kwamin na zuba kulorin, sai sabon ja ya hau kan tsohon. Na buga wa wani tsohon abokin aikina waya a Kasablanka, muka yi rabin awa muna Faransanci, ya ce in sayi wani magani da ko a Sakkwato ba a taɓa jin sunansa ba. Ƙanwar Hajiya tana zaune tana tsinkar zogale tana saurare. Da na ajiye waya ta ce, "Mi ya ce? Ko shi ma tabon bai jin Turancin Faransa?"

Na yi dariyar yaƙe. Mako uku ke nan Hajiya ba ta shiga ruwa ba. Ƙafar ta fara sandarewa, takun da ta samu ya fara zubewa. Da muka koma asibiti likitar ta lanƙwasa gwiwar, ta ɗago ta kalle ni, ta ce, "Baba, me ya faru da ruwan?" A mota Hajiya ta juya fuska wajen taga har muka iso Kalgo. Da la'asar na ga an jawo mata kujerar nan, ta zauna ta kabbara, sai na fita waje don kada ta ga idona.

Ana cikin haka wani abokina ya zo duba ta. Makiyayi ne daga wajen Wurogauri, tare muka yi karatun allo, shi bai taɓa wuce Jega ba. Ya kawo mata nono da man shanu. Bayan sun gaisa na ja shi baya na nuna masa abin kunyata. Ya tsuguna ya shafa tabon da yatsa, ya sunsuna. Sai ya ce in kunna masa famfo. Ya tari ruwan a tafin hannu, ya kurɓa, ya juya shi a baki kamar mai ɗanɗanar miya, ya tofar.

"Alhaji, wanga ruwa ƙarfe gare shi."

Na ce, "Ƙarfe kamar yaya? Dubi yadda yake garau."

"Awo, garau yake sa'ad da ya fito. Kurɓa ka ji, kamar ka lashi wuƙa. Muna da rijiya irinta a gabas da ruga. Shanu na sha, amma mata ba su wanke farin kaya da shi sai ya kwana. Su ɗebo su zuba a randa, su bar ta buɗe ta sha iska. Kwana ɗaya, biyu, ja ya sauka ƙasa, su kwashe na sama. Kai ka hana naka kwana, ka kai shi kan farin kwano kai tsaye." Ya sake kallon matakalar ya ce, "Wannan ba dauɗa ba ce. Tsatsa ce."

Sai na tuna. A Khartum na sha ruwa daga manyan tulunan da ake jerawa a bakin hanya, waɗanda ake barin ruwan kogi ya kwanta a ciki. Na gani da idona shekara da shekaru, har na taɓa yi wa wani Bature bayaninsu. Kuma sai a lokacin na gane abin da kulorin ɗina ke yi: aikin da iska ke yi wa ƙarfen cikin ruwa a kwana biyu, shi yake yi cikin sa'o'i kaɗan, ya juya shi tsatsa ya zubar a kan tayil. Wato da hannuna nake rina kwamin, ina ƙarawa kullum.

Ashe Hajiya na jin mu ta taga. Sai muka ji muryarta, da wani ƙarfi da na manta tana da shi.

"Tsatsa ya ce?"

Na ce, "Haka ya ce."

"To, Malam, tun yaushe ake fid da tsatsa da sabulu? Ƙanwata, ɗauko mini zanen nan. Ki zo da lemun tsami da gishiri."

Aka fito da ita tsakar gida a kujera. Ta shimfiɗa zanen a cinya, ta matsa lemun tsami a kan tabon, ta barbaɗa gishiri, ta murza da hannun nan da ya taɓa shanyewa, ta ce a shanya a rana. Kafin azahar aka ɗauraye, wurin ya fita fes. Ta ɗaga shi sama ta ce, "Da tun farko ka ce mini tsatsa ce, da ban ji ƙyama ba. Wace mace ce ba ta san tsatsa ba? Kai ne ka tsaya kana yi mini Larabci."

Lemun tsamin da zai wanke kwami guda ba ya samuwa a lokacin, sai ta ce a nemo tsamiya, ai da ita ake goge tasa da tukunyar da ta yi baƙi. Ranar kasuwa na sayo rabin buhu. Aka jiƙa ta a manyan robobi, aka dama ta yi kauri.

Ni da gaggawata, ban jira an kwashe ruwan duka ba. Na rage shi zuwa gwiwa, na tuttula jiƙon tsamiya roba biyu a ciki, na zauna ina jiran abin mamaki. Awa uku, babu abin da ya canza. Na koma na ce mata, "Hajiya, maganinki ya yi wa zane, bai yi wa tayil ba." Har da ɗan jin daɗi a muryata, Allah ya yafe mini.

Ta ce a kai ta bakin kwamin. Ta sa aka ɗebo mata ruwan a kofi, ta taɓa a harshe, ta murza shi tsakanin yatsu. Ta ajiye kofin.

"Tsamiya roba biyu, kuma babu tsami ko kaɗan? Ga shi yana santsi a hannu. Wani abu ya kashe tsamin nan. Ni abu ɗaya na sani da ke kashe tsami, shi muke jefa wa yakuwa a miya." Ta juya a hankali. "Wa ya sa kanwa a ruwan nan?"

Ƙanwarta ta fara gyara ɗankwali. Ta dubi katanga, ta dubi bishiyar mangwaro.

"Ke nake tambaya."

"Yaya, 'yar kaɗan ce fa."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika fara shiga. Kowace safiya dunƙule guda. Ai ko a gida in jiki ya yi tsami da ruwan kanwa Inna ke gasa muna. Na ce wanga ruwa na Bature lami ne, babu magani ciki, bari in taimaka."

Na riƙe ƙugu. Rabin rayuwata ina jiran ranar da zan kama wannan mata da laifi dumu-dumu, ga ta ta zo. Na buɗe baki ke nan sai ta riga ni: "Kai kuma kada ka ce komai. Ni dunƙule nike sawa, kai da bokiti kake zubawa."

Hajiya ta yi dariya har ta share hawaye. Ta ce, "Ku biyun nan kun taru kun rina mini kwami, kowa na ganin shi ne likita. To yanzu ni ce mai magana."

Haka kuwa aka yi. Aka kwashe ruwan tas. A nan Faransancina ya yi rana karo na farko, domin a jikin bokitin an gargaɗi kada a haɗa kulorin da abu mai tsami, yana tayar da iska mai cutarwa. Saboda haka muka ɗauraye kwamin sau uku, na kai bokitin can ɗakin ajiya na kulle. Sannan ni da ƙanwarta muka shiga, tsofaffi biyu da soso, muna shafa kaurin tsamiya a tayil kamar masu yaɓe. Hajiya na sama a kujera da sandarta tana nunawa. "Can kusurwa. Malam, ka tsallake layi guda. A bar shi ya jiƙa, kada ku taɓa sai na ce."

Muka jira kusan awa guda, muna yayyafa ruwa don kada ya bushe. Da ta ce a goge, na sa soso a matakala ta farko na ja sau ɗaya.

Farin tayil ya leƙo.

Na ja na biyu, ya ƙara fitowa. Ban san sanda na yi kabbara ba. Ƙanwarta ta rangaɗa guɗa a cikin kwami, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko kifin ne suka haihu. Wuraren da tsatsar ta kafu sosai sai da muka maimaita sau uku, layukan da ke tsakanin tayil kuma Hajiya ta ce a bi su da lemun tsami da gishiri da tsohon buroshin haƙori. Kwana biyu muka yi. Bayana ya yi mako yana tuna mini, amma da yammacin rana ta biyu kwamin na ƙyalli kamar ranar da aka gama shi, in ban da tayil biyun da na kankare da hannuna.

Saura hana ta dawowa, kuma wannan ɓangaren nawa ne, ku bar ni in yi alfahari kaɗan. A wajen Yamai na taɓa ganin inda ake watsa ruwan rijiya sama ya sha iska kafin a tace shi. Na sa mai gyaran famfo ya huda bututu ƙanana-ƙanana, ruwan burtsatse ya riƙa zuba kamar ruwan sama cikin wani babban buɗaɗɗen tanki. A nan yake kwana biyu, jan ya sauka. Na sama ya bi ta cikin duro mai tsakuwa da yashi da gawayi, sannan ya shiga kwamin. Kulorin kuma sai da awo, ɗan kaɗan. Da abokina ya dawo ya zagaya abin, ya kurɓi ruwan, ya haɗiye wannan karon. Ya ce, "Alhaji, duk wannan ƙarfe da bututu, randa ce dai ka gina." Na ce na yarda.

Hajiya ta koma ruwa da farin zanenta. Sai da ta yi kusan mako biyu kafin ta maido abin da ta rasa, daga nan ta wuce. Ta saki ƙarfen gefe. Ta fara zagaye tsakar gida da sanda. Likitar ta lanƙwasa gwiwar ta ce, "Mama, wa ya gyara ruwan?" Hajiya ta ce, "Ni. Amma sun taimaka."

Wata la'asar, wajen wata huɗu bayan haka, na dawo daga masallaci na ɗaga labulen ɗakinta. Kujerar na jingine a bango, an ɗora mata kayan wanki. Hajiya na kan darduma a tsaye. Ƙafar hagun na ɗan rawa, ƙanwarta na bayanta da hannu biyu a buɗe ba ta taɓa ta ba. Na ga ta yi ruku'u, na ga ta ɗago da kanta. Na saki labulen a hankali na zauna a dakali, na kasa shiga, na kasa tafiya.

Na sha tuna wannan al'amari. Abin da zai gyara kwamin nan duk yana cikin gidana da kewayensa tun ranar farko: wani ya san ɗanɗanon ruwan, wata ta san maganin tsatsa, ni na san yadda ake tace shi. Mako uku muka ɓata, mako ukun da ƙafar matata ke buƙata, saboda ni mai harsuna biyar na buga waya har Kasablanka amma ban tambayi matar da ke gida ɗaya da ni ba. Na ɗauke ta majinyaciya kawai, wadda ake yi wa abu, na manta ita ce ta riƙe gidan nan shekara talatin ina yawon duniya. Ina kyautata zaton ranar da ta karɓi umarni daga bakin kwamin nan ta fara warkewa, tun kafin ta koma cikin ruwan.

Kwamin na nan har yau, fari tas, jikoki ne suka fi morarsa. Ƙanwarta kuwa duk sanda ta sauka daga motar Gwandu, a bakin ƙofa nake tare ta in ce ta buɗe jaka in ga ko akwai kanwa. Ita kuma ta ce in fara nuna mata makullin ɗakin ajiya. Muna cikin haka sai mu ji Hajiya daga ciki tana cewa mu rage surutu, za ta tayar da sallah.

Kujerar tana ɗakin baƙi yanzu. Baƙi ke zama a kai.